Mashigin Ƙirya

Shekarar da Alhaji Modibbo ya kawo Hamdiyya, babu tungar da ba ta fito kallo ba, tun daga Yauri har Warra. Farin jirgin faiba ne mai inji biyu a baya, da shuɗiyar rumfa, da kujeru irin na mota. Sunan 'yarsa ya sa aka rubuta a gefensa, shi ya sa mutanen bakin ruwa suke ce wa jirgin "ita" kamar mace. Tafiyar da jirgin katako yake wuni yana yi, a tsaya nan a loda albasa, a tsaya can a ɗora awaki, ita Hamdiyya kafin hantsi ya dubi ludayi ta gama ta. Ma'aikata da 'yan kasuwar Yauri suka bar wa motoci titinsu da ramukansa, suka koma ruwa.

Mai tuƙa ta ɗan ƙanwar Alhaji ne, Jalaluddeen, ana ce masa Jalal. Ya iya tuƙi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai ba ya rage wuta don kowa. In ya taho, baƙin tabarau a ido, hancin jirgin ya ɗaga sama, masu ƙananan kwale-kwale sai su yi maza su juya su tari raƙuman ruwan da ya tayar, suna dafe kaya suna zagi.

Zulai'atu ma ta sha zaginsa, amma da dariya a bakinta. 'Yar Sarkawa ce, masuntan kogi, a cikin jirgi ta koyi zama kafin ta koyi tafiya a ƙasa. Tana zaune a Tungar Haruna, kusa da Warra, ita da mijinta Garba da mahaifiyarsa Inna Uwani, tsohuwar da idanunta suka dushe amma kunnenta yana jin faɗuwar allura. Garba ya kamo kifi, Zulai'atu ta yi banda, ranar kasuwa su tafi tare. Mutum ne maras hayaniya. In tana zagin Hamdiyya sai ya ce, "Bar ta, Zulai. Wata rana mu ma za mu shiga, in kai ki Yauri ki sha iska."

Tsakanin tungarsu da Warra akwai wurin da ake kira Mashigin Ƙirya. Tsohon gari ne da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi. Gidajen sun narke tun tuni, amma itatuwan ƙirya sun ƙi faɗuwa, suna nan tsaye baƙi ƙirin, babu ganye babu ɓawo. Da rani, in ruwa ya ja baya, hanya ɗaya ce tal a tsakaninsu, ita kowane jirgi yake bi, babba da ƙarami.

A nan Hamdiyya ta sami Zulai'atu da Garba wata safiyar kasuwa, kwale-kwalensu cike da kwandunan banda. Babu wurin kaucewa. Garba ya miƙe tsaye yana ɗaga filafili, yana kururuwa. Sai da jirgin ya zo dab da su sannan ya karkata, gindinsa ya maki kwale-kwalen, duniya ta juye.

Da Zulai'atu ta taso sama, kifin bandarta ne ko'ina yana yawo a kan ruwa. Ta ga Hamdiyya ta rage gudu can gaba. Ta ga Jalal ya waiwayo, ya ɗage tabaransa zuwa goshi. Suka haɗa ido. Ta ɗaga hannu ta kira shi. Ya tsaya kamar zai juyo, sai ya mayar da tabaran, injin ya yi ƙara, ya wuce.

Ta samo Garba a ƙarƙashin kwale-kwalen. Farfela ta tsaga masa cinya har ƙashi. Ta ja shi zuwa gindin wata ƙirya, ta maƙale reshe da hannu ɗaya, ɗayan ta tallafe haɓarsa. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure cinyar da haƙori da yatsu, amma jinin bai tsaya ba. Ya daɗe yana numfashi. Har ya tambaye ta ko kwandunan sun tafi duka. Can ya yi kalmar shahada, ya yi nauyi a hannunta. Lokacin da jirgin katako ya iso da 'yan kasuwa, sai da aka ɓamɓare yatsunta daga rigarsa.

An yi zama a gidan sarkin ruwa, ita tana ɗaki tana takaba. Abin da ya iso kunnenta shi ne Jalal ya rantse rana ce ta haske masa ido, ya ji ya bugi wani abu, ya zaci kututture ne. Fasinjojin kuwa mutanen birni ne, kowa ya kama gabansa. Dauda, yayan Garba, ya karɓi haƙuri a madadin dangi. Alhaji Modibbo ya zo ta'aziyya da kansa, da buhun shinkafa da turmin atamfa, ya yi addu'a mai tsawo.

Da aka dafa shinkafar aka kai wa Inna Uwani, ta shinshina kwanon ta ture shi.

"Wagga ta Alhaji ce?"

"Ita ce, Inna," in ji Dauda.

"Kai ma kaji. Ba ni cin ɗana."

Zulai'atu tana jin su daga ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Tun ranar mashigi hawayenta suka ƙafe, sai wani abu mai zafi da ya zauna mata a ƙarƙashin ƙirji, kamar ta haɗiyi garwashi.

Da ta fita takaba, ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta je kwatar Warra ta shiga Hamdiyya. Ta zaɓi kujerar ƙarshe, dab da inda direba yake tsayawa, ta juya wa sauran fasinjoji baya, ta zuba masa ido.

"Hajiya, juya gaba," ya ce. "Ba haka aka zama ba."

"Nan nika son kallo."

Sai a lokacin ya gane ta. Ya tayar da injin. Jirgin ya tashi, iska ta daki ƙeyarta, ruwa ya tsage gida biyu fari fat. Ba ta taɓa sanin gudu irin wannan ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne akwai daɗi. Da suka zo Mashigin Ƙirya ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, amma ko kallon itatuwan bai yi ba. Tana nan tana lissafi a zuci har Yauri: da ya juyo ranar, da kafin jinin ya ƙare sun isa asibiti.

A kwatar Yauri ta jira kowa ya sauka.

"Tambaya guda gare ni," ta ce. "Ranar, ka gan ni ko ba ka gan ni ba?"

Abin da ya kawo ta ke nan. Da ya sunkuyar da kai ya ce ya gani, wataƙila da ta koma gida ta yi kukanta. Amma akwai abokansa masu sayar da mai a gefe, sun kasa kunne.

"Baiwar Allah, an gama wagga magana gaban manya. Ki yi haƙuri, kowa da ranarsa."

"Ba haƙuri nit tambaye ka ba."

Ya juya wurin mai yankar tikiti, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kada ka sake sa min ita a jirgi. Tun mutuwar mijinta kanta ya taɓu." Ya kaɗa yatsa a gefen kansa. Wani daga cikin masu man ya yi dariya.

A jirgin katako ta koma, a tsakanin buhunan gishiri. Kafin su iso Warra ta gama shawara da zuciyarta.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta koma sana'arta, tana saro ɗanyen kifi wurin masunta tana banda, tana kasawa a kwata, wurin da take ganin shigar Hamdiyya da fitarta. Mutane suka ce Zulai'atu ta dangana. Tana gaishe da kowa, tana ciniki, idonta yana kan farin jirgin. A haka ta gane cewa ranar Juma'a ba ya ɗaukar fasinja. Jalal yakan kwana Warra ranar Alhamis wurin amaryarsa, da sassafe ya tafi Yauri shi kaɗai ya kai wa makanike injin ya duba. Kuma ranar ce yake gudun da ya fi na kullum, tunda babu mai ce masa ya sassauta.

Damina ta zo ta wuce, ruwa ya cika ya rufe ƙiryoyin har wuya, jirage suna bi ta inda suka ga dama. Ta jira. Sai da zafi ya dawo, ruwa ya ja baya, mashigin ya sake tsukewa, sannan ta shiga rumfar da Garba yake ajiye kayan kamun kifi. Tsohon tarunsa yana nan a rataye, da igiyarsa mai kaurin wuyan hannu. Ta nannaɗe ragar a jikin igiyar, ta ɗaɗɗaura, har ta zama kamar dogon gammo.

Inna Uwani tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi.

"Tarun Garba nika ji ana ja?"

"Shi ne, Inna. Ɓeraye sun fara ci, zan shanya."

Carbin ya tsaya a hannun tsohuwar. Can ta ce, "To, shanya shi da kyau."

Juma'ar farko, bayan sallar asuba, ta tuƙa zuwa mashigin. Ta ɗaure bakin igiyar a gindin ƙiryar da ke gabas, ta tsallaka, ta zagaya ɗaya bakin a ƙiryar yamma, ta bar tsakiyar ta nutse. Ta cusa kwale-kwalenta cikin ciyawar burgu ta kwanta. Wasu masunta suka wuce ta kan igiyar ba su san da ita ba. Da ta jiyo kukan injin daga nesa, ta ja igiyar da dukan ƙarfinta har ta taso dab da saman ruwa, ta naɗe ta a reshe.

Sai ta hango kawuna a ƙarƙashin rumfar. Mata ne, da gyale kala-kala, har da mai goyo. Ashe 'yan biki ne suka yi shatar jirgin.

Ta kai hannu ta warware naɗin, igiyar ta ƙi, nauyin ragar ya ɗaure ta tamau. Ta dafa ƙafa a jikin itacen ta fizga. Igiyar ta kuɓuce da ƙarfi, ta zare ta cikin tafukanta, ta kwashe fata. Hamdiyya ta wuce ta kai kamar walƙiya, matan suna guɗa. Zulai'atu ta kwanta a cikin kwale-kwalen, ta tsoma hannuwanta a ruwa suna zubar da jini. Ta daɗe a haka tana istigfari. Ta ce wa kanta ta bari, Allah ya nuna mata aya. Har ta fara kwance igiyar gabas. Sai idonta ya faɗa kan reshen da ta riƙe ranar, ta gane shi, yana da wani lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Ta mayar da ƙullin, ta nutsar da igiyar da dutse, ta koma gida ta ce murhun banda ne ya ƙone ta.

Juma'a ta gaba ta naɗe tafukanta da tsumma. Wannan karon ba ta ja ba sai da ta tabbatar kujerun babu kowa. Shi kaɗai ne, rigarsa tana kaɗawa, hannu ɗaya a kan sitiyari.

Ƙarar da ta biyo baya ba ta yi kama da komai da ta taɓa ji ba. Farfelolin suka cafki ragar, injinan suka yi wani kuka suka shaƙe, gindin jirgin ya tsaya cak alhali gabansa yana tafiya. Hamdiyya ta juya a gicciye, ta daki ƙiryar gabas da haƙarƙarinta, ta dare kamar ƙwarya. Ta ga Jalal a sama, hannu da ƙafa a warwatse, sannan ya faɗa ruwa. Tsuntsaye suka tashi daga itatuwan gaba ɗaya. Nauyin injinan ya ja gindin jirgin ƙasa, rigunan hana nutsewa masu ruwan lemo suka fito daga ƙarƙashin kujeru suna yawo, iska tana kora su can nesa.

Ta yanke abin da ya saura na igiyar a jikin itatuwan, ta nutsar. Sannan ta fito daga burgu tana tuƙi a hankali.

Ya kai kansa gindin wata ƙirya, ya rungume ta da hannun hagu. Na daman yana lilo a ruwa, ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Goshinsa ya fashe, babu tabarau.

"Taimako! Baiwar Allah, nan! Nan!"

Ta matso har inuwar kwale-kwalenta ta rufe shi. Ya ɗaga kai. Bakinsa ya tsaya a buɗe.

"Ke ce."

"Ni ce."

"Hannuna ya karye. Don Allah, don Annabi, ɗauke ni."

Ya saki itacen ya cafki bakin kwale-kwalen. Ta ɗaga filafili ta sauke masa gefensa a kan yatsu. Ya yi ƙara, ya nutse, ya taso yana tari, ya sake rarumar itacen.

"Tambayata tana nan," ta ce. "Ka gan ni ko ba ka gan ni ba?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah..."

"Ni ba yayarka ba ce. Amsa min."

"Na gan ki."

"Ɗaga murya. Mahaukaciya ba ta ji da kyau."

"Na gan ki! Wallahi na gan ki, na ga hannunki sama. Na ga jini bisa ruwa, tsoro yak kama ni. Da manyan baƙi cikin jirgi, nic ce in na tsaya kawu zai karɓe jirgin. Ki yafe min. Ki yafe min don girman Allah."

Yana kuka yanzu, majina da jini suna gangarowa cikin bakinsa. Ta kalle shi sosai, ba ta ƙifta ba. Tsawon watannin nan ta sha zana wannan fuskar a ranta, tana tsammanin in ta gan ta a haka garwashin zai mutu. Bai mutu ba, amma ya yi mata daɗi, kuma ba ta ji kunyar daɗin ba.

"Da ransa lokacin da kat tahi," ta ce. "Ya daɗe da ransa. Wancan itacen na riƙe, ga shi can bayanka. Da hannu guda na riƙe, guda na riƙe shi. Kai ko kanka kaɗai za ka riƙe, ka ga ka fi ni sauƙi."

Ta sa filafili ta tura kwale-kwalenta baya.

"Kada ki bar ni! Yau Juma'a, babu mai wucewa! Zulai'atu!"

Ashe ya san sunanta. Ba ta waiwaya ba. Muryarsa ta bi ta har ta sha kwanar burgu, daga nan sai kukan tsuntsaye.

A gida ta share tsakar gida, ta hura wutar banda, ta jera kifi. Rana ta take, irin zafin da yake sa ruwan tafki ya yi fari kamar kwano. Tana juya kifin tana ganin Jalal a ranta, hannunsa yana sanyi, yatsun da ta doka suna kumbura. Maza suka bi ta tudu zuwa masallacin Warra da fararen riguna. Ta dama fura ta sha. Ta yi sallar azahar, ta daɗe a zaune a kan tabarma.

Da Dauda ya dawo daga masallaci, ta same shi yana cire takalmi a ƙofar gidansa.

"Yaya, akwai mutum bisa ƙirya a mashigi. In kuna so, ku ɗauko shi."

"Wane mutum? Tun yaushe?"

"Tun safe."

Ya dube ta, ya dubi tsumman da ke hannuwanta. Ya ruga bakin ruwa yana kiran mutane. Ba tausayi ne ya kai ta ƙofar Dauda ba. Ta auna ne a kan tabarmar, ta ga cewa gawa ba ta tuna komai, gara ya rayu ya riƙa tunawa.

Sun same shi da sauran numfashi, ya cusa hannun rigarsa a wani tsagin itacen don kada ya zame in ya suma. Ya yi makonni a asibitin Yauri. Hannun ya ɗoru a karkace, yatsu biyu na hagun ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Alhaji Modibbo ya sa aka nutsa aka ciro injinan, aka ga raga a nannaɗe, ya kawo 'yan sanda suka zagaya tungaye. Amma tsohuwar raga ba ta da suna, kuma Jalal ya ce shi bai san komai ba, ruwa ne ya kawo ta. Ko tsoro ne ya rufe masa baki, ko kunyar abin da ya faɗa a gindin itacen, shi ya sani. Kafin kaka Alhaji ya sayo wani jirgin, ya ba wani dattijo mai suna Aminu tuƙi. Dauda kuwa bai ƙara cin abincin da ya fito daga hannun Zulai'atu ba, in sun haɗu a hanya sai ya gaishe ta da sauri kamar mai gaida surukarsa.

Mutum ɗaya ce ta tambaye ta, ita ma tun a yammacin ranar. Ana ta hayaniya a bakin ruwa an kawo Jalal, Zulai'atu ta shiga ɗakin Inna Uwani da kwanon kunu. Tsohuwar ta lalubo hannunta, ta shafa tsumman, ta matsa a hankali har Zulai'atu ta ja numfashi.

"Ya mutu?"

"Bai mutu ba, Inna."

"Ya yi kuka?"

"Ya yi."

"Da ƙarfi?"

"Har na sha kwana ina jin shi."

Inna Uwani ta gyaɗa kai. Ta saki hannun, ta gyara zama, ta jawo kwanon gabanta.

"Kunun ga ba shi da tsami," ta ce bayan ta kurɓa. "Gobe ki ƙara tsamiya. Kuma ki sa man kaɗanya ga hannun nan kafin shi ruɓe."